Ƙarfen Kawu Sabo da Tayoyin Naitirojin

Malam Kure, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni, kuma ka sakaya sunana, domin a ofishinmu ana karanta filin nan naka, wasu ma da shi suke fara buɗe jaridar. Tambayata ta taya ce, amma ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ni ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja. Ka san yadda garin nan ya buɗe tun da farar hula suka dawo, gini ta ko'ina, kowa a ofis da 'yar sana'arsa a gefe, wannan dillancin fili, wancan buga bulo. Ni sai na sayi tirela 'yar Kwatano na damƙa wa ƙanin mahaifiyata, Kawu Sabo. Shekararsa talatin da ɗaya yana jan babbar mota, ko akuya bai taɓa bugewa ba, duk tashar Karshi an shaida masa wannan.

Kawu yana da wata al'ada. Kullum kafin ya tada mota sai ya ɗauko wani guntun ƙarfe da hannu ya goge har yana sheƙi, ya zagaya yana bugun tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya karkata kai yana saurare. Wadda ƙararta ba ta yi masa ba, sai ya kira Bartholomew mai faci ya sa geji ya ƙara mata iska. Ni kuwa a lokacin, ƙauyanci na ɗauki abin, wallahi.

To, rannan a ofis babu aiki, ina yawo a intanet na ci karo da batun naitirojin. Wai shi ake ɗura wa tayar jirgin sama, ba ya saurin zurarewa, ba ya ɗaukar zafi. Shi ke nan fa kaina ya kumbura. Akwai wani sabon wurin taya a cikin gari mai gilashi da na'urori, na sa aka kai tirelar can, aka fitar da iskar kaf, aka ɗura naitirojin, aka sa wa bakin iskar kowace taya koren murfi. Mai wurin ya ce kada in bari a gauraya da iskar masu faci. Ban tambaye shi dalili ba, na haddace maganar kamar karatu.

Wata Asabar na je Karshi da kaina, da tabarau da komai, na tarar da Kawu yana zagayen nan nasa. A gaban direbobi da 'yan kamasho da masu lodin doya na zare ƙarfen daga hannunsa, na ce zamanin bugun taya kamar mai sayen kankana ya wuce. Aka kwashe da dariya. Na juya kan Bartholomew na ce in ya kuskura ya kusanci tayoyin nan da iskarsa, ni da shi ne. Na jefa ƙarfen a but ɗin motata na yi tafiyata. Daga ranar Kawu ya bar kirana da sunan da yake kirana tun ina goye, ya koma ce mini Oga.

Bayan wata biyu ya yi lodin doya zai kai Kano. Da hantsi ya bugo mini waya ina tsakiyar mitin, na fita baranda ina tsaki. Ya ce ya sa dutse ya bugi tayar ciki ta baya, ƙararta ba ta yi masa ba, yana neman izini Bartholomew ya duba ya ƙara iska. Malam Kure, ka san me na ce? Na ce naitirojin ba ya sauka, kunnensa ne ya tsufa, in ya dawo daga Kano a kai ta cikin gari. Ya ce, "Oga, motarka ce." Ya kashe waya.

A gangaren da ke gaba da Bwari tayar ta fashe, ta kusa da ita ta bi ta, motar ta kwanta a gefen hanya. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma Kawu ya karye a hannun dama, doyar mutane ta watse a kan kwalta. Da aka ciro tayar, ƙusa aka samu a jikinta, tsawon yatsa.

Ga inda na fi jin kunya. Kafin in isa asibiti mutane sun gama yanke hukunci, wai tsufa ya kama Sabo, ya ɗauki kaya bai duba taya ba. Na ji da kunnena, ban ƙaryata su ba. Umma, mahaifiyata, ta zo har gidana tana ba ni haƙuri, wai ƙaninta ya cuce ni kuma ita ta sa na ba shi motar. Na ce ba komai, ƙaddara ce. Ni fa! Har yau ba ta je duba shi ba. Yanzu kuma ƙungiyar direbobi za ta zauna ƙarshen watan nan, ana cewa za a hana shi lodi a tashar. Da suka tambaye shi, cewa ya yi shi ke riƙe da sitiyari, laifin nasa ne. Babu wanda ya san da wayar nan sai Bartholomew da ke tsaye kusa da shi, kuma ya turo mini saƙo cewa, "Oga, Baba Sabo ya hana ni magana, amma kai bai hana ka ba."

Shin naitirojin ɗin nan yana da amfanin da ake faɗa, ko wasa aka yi da hankalina? Ba zan ɓoye maka ba, so nake ka ce ko da an ƙara iskar, tayar za ta fashe, ko na samu sauƙi a raina. In kuma na buɗe baki, da wane ido zan kalli Umma? Ƙarfen yana nan a but, duk ramin da na faɗa sai ya yi ƙara.

Naka, Mai Koren Murfi, Abuja.

Wa alaikumus salam, Mai Koren Murfi. Allah Ya ba Kawu lafiya. Bari mu fara da taya, tunda ita ce mai sauƙin.

Iskar da muke shaƙa, wadda Bartholomew ke ɗurawa, kusan kashi huɗu cikin biyar ɗinta naitirojin ce. Na wurin mai gilashi ya ɗan fi tsabta, ba shi da danshi, kuma ya ɗan fi jinkirin zurarewa ta jikin roba. Saboda haka ba ƙarya zalla aka faɗa maka ba, kuma gwada sabon abu ba laifi ba ne. Sai dai amfanin kaɗan ne ga motar da ke yawo tsakanin Karshi da Kano, inda ba ko'ina za a same shi ba. Gauraya shi da iskar mai faci ba ya lalata komai. Abin da ke kashe taya shi ne tafiya da ita a sauke ƙarƙashin kaya: ta yi zafi, ta jibga wa ta kusa da ita nauyi, su tafi tare. Ƙusa kuwa babu ruwanta da launin murfi. In kana son naitirojin ka ci gaba da sawa, amma a sa geji kowace safiya kafin mota ta motsa, wadda ta sauka a ƙara mata duk iskar da aka samu.

Abin da ka roƙa in faɗa, ba zan faɗa ba. Da Bartholomew ya duba, da wuya ƙusar nan ta ɓuya masa. Gaskiya ne Kawu ma yana da nasa kason, domin direban da ya ji taya ba daidai ba bai kamata ya tashi ba, ko wane ne mai motar. Ƙarfe kuma ba ya maye gurbin geji. Amma ka tambayi kanka abin da ya sa dattijon da ya san aikinsa ya fi jin nauyin musa maka a kan ya shiga haɗari. Kai ka rufe masa baki a gaban jama'a, kuma har a gadon asibiti asirinka yake rufewa da sunan da ya shekara talatin da ɗaya yana ginawa.

Kada ka jira ƙarshen wata. Ka fara da Umma, yau ɗin nan, ka faɗa mata zancen wayar kalma da kalma, ba tare da ado ba. Za ta yi fushi, kuma fushinta da kai na kwanaki ya fi sauƙi a kan ta ci gaba da ƙaurace wa ɗan'uwanta kan abin da bai yi ba. Ka ɗauke ta ku je wurinsa tare. Zai ce ka bari, ya wuce. Ka gode masa, amma kada ka bari. Ka je gaban ƙungiya ka ce ya ji tayar, ya kira, kai ka hana. Za a yi maka dariya, wataƙila waɗanda suka taya ka dariya ran nan ne ma za su fara. Ka daure, shi ma ya daure.

Ranar da za ka je tashar, ka buɗe but ka ɗauko ƙarfen nan. A inda ka zare shi, a gaban mutanen da suka gani, ka durƙusa ka miƙa masa da hannu biyu. Hannunsa na dama yana ɗaure, don haka kai za ka zagaya kana bugawa, shi yana saurare. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya sa kafin ku gama zagayen ya kira ka da sunanka.

Malam Kure