Layin da Ban Cike Ba

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce na ce ta bar wankin nan haka.

Kin tambayi aikina. Har yanzu ni ne mai gyaran babban faifan nan da ke sauraron sama, wanda ba a tuna da shi sai wani abu ya lalace. Iskar da ake kira haidirojin tana da tasha ɗaya tak, kamar a rediyonki. In gajimarenta yana gudu zuwa wajenmu, sai tashar ta ɗan gusa, da wannan gusawar ake auna gudunsa. Dakta, mai binciken da na ce miki ita kaɗai ke gaishe ni, ta gano wani a gefen gungun taurarinmu yana tahowa da gudun kilomita ɗari uku a sakan. Kada ki kwashe shanya, sai bayan miliyoyin shekaru zai iso.

Kowa murna yake, ban da ni. Ranar da saƙonki ya zo cewa Inna ta faɗi, na canza akwatin da ke saita tasha, na sa na ajiya. Dokar wurin nan, ko ƙusa ka taɓa sai ka rubuta a littafin aiki, domin masu bincike su gyara awonsu. Hankalina yana gida, ban rubuta ba. Washegari gajimaren Dakta ya bayyana. Tun da na lura, tsoro nake kada a ce akwatin nan ne ya haifar da shi. Ki taya ni da addu'a.

Mijinki,
Dogo

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa, ina fatan tarin Auta ya yi sauƙi.

Abin da nake tsoro ya tabbata. Ranar Laraba da azahar na mayar da tsohon akwatin da na gyara, na juya faifan wajen gajimaren. Babu komai, sai iskar da kowa ya sani, tana zaune a tasharta. Na ajiyar ne saitinsa ya kauce. Ashe ni na ƙera gajimaren da hannuna. Sai na zauna a kan matakala.

Na faɗa wa abokin aikina, mai lantarki. Ya buɗe littafin ya nuna mini layi ɗaya da ba a cike ba a shafin ranar da na yi canjin, ya ce in cike da irin biron ranar, shi ke nan laifi ya koma kan Dakta, a ce ita ce ba ta karanta ba. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗauki biron. Shekara tara ina hawa ƙarfen nan, shugaban wurin nan bai taɓa riƙe sunana ba, kuma sa hannunsa ne ke sabunta takardar zamana a wata mai zuwa. Na ce a raina, su da ke da digiri ai ba za su rasa wurin zuwa ba.

Amma shekara huɗu matar nan ta yi tana wannan nema, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Jiya na rubuta abin da ya faru a shafin jiya, ban taɓa wancan layin ba, na kai mata har ofis. Ta karanta sau biyu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta tambayi ƙarfe nawa na yi canjin, ta rubuta, sannan ta roƙe ni in ja mata ƙofa.

Shugaba ya ce in je in same shi ranar Litinin mai zuwa da safe. In ya sallame ni ba zan ce ya zalunce ni ba, sai dai ban san inda mai shekaruna zai sake farawa ba. Kada Inna ta ji tukuna. In wasiƙa ta sake zuwa, na tsira. In kuma ni kika gani a ƙofa da jaka, ki ba ni ruwa, kada ki tambaye ni a gaban yara.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Dogo