Ni da Ragon Layya

Litinin, 12 ga Mayu, 2025
Matata Fatu ta tafi gidansu Maraɗi. Kwanon tuwo kawai na yi jifa da shi, bai ma same ta ba. Ta ce ba za ta dawo ba sai na daina ihu.

Laraba, 14 ga Mayu
Na sa an loda masara a motar da ya kamata ta ɗauki gero. Sadisu direba ya ce da bakina na faɗa. Na wanke shi tas a gaban 'yan dako. Ban tuna na faɗa ba.

Asabar, 17 ga Mayu
Likita a Katsina ya ce zama ya yi mini yawa, in riƙa tafiya da ƙafa kullum da safe, zuciya za ta sauka, kai ya washe. Ni da na fara da dakon buhu a bakin bodar nan za a koya wa wahala?

Lahadi, 18 ga Mayu
Na gwada. Ban kai tasha ba masu babur suka yi ta tsayawa. "Alhaji, lafiya? Ina motar?" Kafin azahar an ce na karye. Ba zan ƙara ba.

Alhamis, 22 ga Mayu
Dabara. Na sayi ragon layya, ina jan sa hanyar Mazanya bayan asuba. Mai yawo da ragonsa ba a tambayar sa mota. Shegen ƙarfi gare shi, ban san wa ke jan wani ba.

Laraba, 28 ga Mayu
Cinyoyi kamar an daka. Barci dai na yi.

Talata, 3 ga Yuni
An riƙe motata a boda tun safe. Na je, na zauna, muka yi magana, aka sake ta. Sadisu sai kallona yake. Na jera masa lodin mako duka da ka.

Alhamis, 5 ga Yuni, jajibirin Sallah
Na kira Fatu ina hanyar dawowa, igiya a hannu. Ta zazzage mini ƙorafin shekara da shekaru. Na saurara. Can ta ce, "Alhaji, kana nan kuwa, ko rezon waya ya tafi?" Na ce ina nan, ci gaba. Da ta gama, ta ce a turo Sadisu ranar Lahadi ya ɗauko ta.

Na sayo wani ragon na gobe. Abokin yawona ya rame, bai kamata a yanka shi ba.