An Rufe Ƙofar Kasuwar Talata

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Delwar.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a Malesiya, ya tsare ka a gonar kwakwar manjan nan, ya sauƙaƙa maka ciwon bayan da ka ambata. Mu nan muna lafiya. An gama yankan shinkafa, ta yi kyau. Mijina Mofiz yana nan da surutunsa, tagwayena kuma sun fara rarrafe, babu tukunyar da ta tsira. Na zaɓi takarda ne don in na ji muryarka a waya kuka zai hana ni magana.

Zancen Inna ne. Mantuwar da ka gani lokacin da ka zo shekara uku da suka wuce ta yi nisa. Takan yi sallar la'asar sau biyu, takan nemi Baba ta ce ya daɗe a gona, shi da ya shekara tara a kabari. Likitan garin Feni ya ce babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi, sai dai a riƙe abin da ya rage: fuskar da take gani kullum ita za ta daɗe a ranta. Ni tana ganina safe da yamma. Yayarmu Shefali ce nake tsoron ta manta.

Tun da aka ja wayar shinge a kan iyaka tsakaninmu da jihar Tripura, gidan mijin Yaya Shefali ya faɗa ɓangaren Indiya, tafiyar da ba ta kai minti arba'in ba ta koma sai da fasfo. Kasuwar kan iyaka ce ta cece mu. Duk Talata a buɗe ƙofa biyu, tamu da tasu, mai kati ya shiga. Mofiz ya baza busasshen kifinsa, ni in riƙo hannun Inna. Yaya Shefali ta zo da kwandon lemo don kada a ce ba kasuwa ta kawo ta ba. Inna ta tsugunna gabanta, ta shafa fuskarta, ta lalubo tabon nan na gira, ta hau faɗa wai ta rame, mijinta ba ya ciyar da ita. Har wani tsohon mai gadi yakan tsokane su, ya ce shi bai taɓa ganin cinikin lemo uku da ya kai azahar bai faɗa ba. Inna ta ce masa ya je ya tsare ƙofarsa, ai ba da aljihunsa ake cinikin ba.

Yau Talata goma sha ɗaya ke nan ƙofar a rufe. Manyan ƙasashen biyu sun samu saɓani, wasu su ce kan ruwan kogi, wasu su ce kan motocin kaya. Rediyo kullum cewa take za a zauna, za a tattauna, maƙwabta ba sa rabuwa. Mofiz ya ce in dai zama ne, ai kifinsa ma a zaune yake, tsutsa na ci. Ni ban san abin da suke rabawa a can sama ba, kuma wallahi ban damu ba. Abin da na sani, makon farko Inna ta yafa mayafi tun asuba ta tsaya bakin hanya. Mako na huɗu sai da na tuna mata Talata ce. Yanzu ta daina tambaya, kuma wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali.

Za ka ce a haɗa su a waya ta bidiyo. Mun yi. Inna ta kalli hoton ta ce mutanen talabijin ne, ta ture hannuna. Da hannu take gane mutum yanzu, Yaya. Takardun tsallakowa kuwa an ce sai an jira watanni.

Ranar Juma'a muka shirya da Yaya Shefali ta fito gonarsu da ke bayan waya, ni kuma na kai Inna iyakar inda aka yarda a tsaya. Tsakaninmu bai fi jifa biyu ba. Tana ɗaga mayafinta, tana kiran Inna da ƙarfi har muryarta ta dishe. Inna ta daɗe tana kallo. Sai ta juyo ta tambaye ni ko 'yar waye wannan baiwar Allah, ta ce in je in ba ta ruwa, da alama uwarta ta ɓace mata. Ban faɗa wa Yaya Shefali ba. Na ce mata rana ce ta hana Inna gani.

Tsoro nake ji, Yaya. Ina tsoron ranar da za a buɗe ƙofar nan mu shiga, Inna ta tsugunna gaban kwandon ta tambayi kuɗin lemo da gaske. Kai kam babu wayar da ta tare ka. In maigidanka zai ba ka ko mako biyu ne, ka taho, kada ka jira babbar salla.

Ka gaishe mini da Kawu Shamsul da ɗansa Rubel, ka ce matar Kawu ta samu saƙon. Mofiz da Gwaggo Anowara suna gaishe ka. Na so in rubuta cewa Inna ma tana gaishe ka, amma ba zan yi maka ƙarya ba. Da na ce mata Delwar nake rubuta wa, sai ta yi murmushi ta ce sunan yana da daɗi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Hasna