A Jira Watan Safar Kafin A Ba Da Hamidu

Zuwa ga Shugaban nadi, wato ƙungiyar ƙwallon ƙafa, na unguwar Hindawiyya a Makka, Shaihu Sale ɗan marigayi Malam Barau, da 'yan kwamitinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku barka da gama hidimar Hajjin bana. Allah ya karɓa, ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya.

Ni ne Malam Usmanu Tela, Bakatsine, mazaunin Jarwal. Manyan cikinku sun san ni, ƙanana kuwa sun san tsohon da ke zuwa fili da sanda biyu. Lokacin da mahaifinka ya fara tara samarin unguwa a filin da ke bayan ma'ajiyar gawayi, ni na ɗinka musu rigunansu na farko da buhunan fulawa, ni kuma na riƙe littafin nadi shekara goma sha ɗaya, har idona ya daina ganin kafar allura. Ƙwallo dai har yanzu ina ganinta.

Sau biyu ina aikawa a nemar mini ganinka, sau biyu ana ce mini kana Jidda. Ban ɗauke shi wulaƙanci ba, na san hidima ta yi maka yawa. Amma an tabbatar mini ranar Asabar mai zuwa za ka sa hannu a takardar musayar 'yan wasa, ni kuma ƙafata ba za ta kai ni ofishinka ba. Shi ya sa na roƙi mai shagon gahawar da ke gaban nadi ya karanta wannan takarda bayan la'asar, sannan ya liƙa ta a ƙofa. Na rubuta da Hausa domin Larabcina na kasuwa ne, ya isa sayen albasa, bai isa roƙo ba. Kwana uku na yi ina rubutun, hannu yana rawa, a yi haƙuri da karkacewar layi.

Canje-canje uku kuka yi a wannan hutu, kafin a shiga sabuwar kakar wasa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, domin kada a ce tsoho kuka kawai ya iya.

Na farko, sallamar Dogo mai tsaron gida. Kun yi daidai. Tun da wuyan hannunsa ya karye yake jin tsoron ƙwallon ƙasa, kowa ya gani, shi ma ya sani. Kun yi masa walima, kun yafa masa alkyabba a gaban 'ya'yansa. Haka mahaifinka yake sallamar mutum. Allah ya yi muku albarka.

Na biyu, ɗan gaban da kuka ɗauko daga Ɗa'ifa. Na gan shi sau biyu. Ƙafarsa ta hagu tana da kyau ƙwarai, yana da rowar ƙwallo, amma rowar ɗan gaba ba aibi ba ce muddin tana kai shi raga. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai yi da zafin Makka, tun da a sanyin dutse ya tashi. Duk da haka da ni ne ma da na ɗauke shi.

Na uku shi ne dalilin wannan takarda. Kun shirya ba wata ƙungiya ta Jidda Hamidu, ɗan bayanku na shekara tara, su kuma su ba ku matasa biyu masu gudu a gefe. Idan katinsa na ɗan wasa ya koma Jidda, ko dai ya kwashe matarsa da 'ya'yansa uku ya bi shi, ko ya rataye takalminsa. Dalilinku shi ne gwajin gudu da sabon mai horarwa ya yi, inda Hamidu ya zo na ƙarshe. Ina wurin ranar, a inuwar bango. Na ga malamin ya dubi agogon da ke wuyansa, ya girgiza kai, ya ce halas, wato shi ke nan, mutumin nan ya ƙare, kuma a gaban jama'a ya faɗa. Hamidu ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita.

Ban zargi mai horarwa ba. Baƙo ne, daga wata ƙasa kuka ɗauko shi, wannan ne Hajjinsa na farko a cikinmu, abin da agogo ya gaya masa shi ya faɗa. Amma kai, ɗana, a nan aka yanke cibiyarka. An yi gwajin nan kwana takwas bayan saukowa daga Mina. Ka san sana'ar Hamidu. Yana cikin masu ɗaukar shibriyya, gadon katakon nan da ake ɗora tsoho ko marar lafiya a kai, mutum huɗu su aza gammo su ɗauke shi a ka, su kewaya Ɗakin Ka'aba da shi sau bakwai, su kai shi Safa da Marwa. Tun da jiragen alhazai suka fara sauka yake wannan aiki, ba takalmi, a kan daɓen da rana ta gasa, domin abin da ya samu a wannan wata shi iyalinsa za su ci har shekara ta zagayo. A Muzdalifa motar alhazansa ta mutu, ya goya wata tsohuwa 'yar Sakkwato har Mina. Ranar gwajin na ga tafin ƙafarsa, duk ya sale, ya ɗaure da tsumma kafin ya tura cikin takalmi. Su kuwa matasan Jidda da suka tsere masa, ɗaya ɗalibi ne, ɗaya akawu ne a kanti. Ba laifinsu ba ne, amma sun yi Hajjin bana a ƙarƙashin fanka.

Mahaifinka yana da doka a kan wannan. Ba a gwada ɗan wasa, ba a sallame shi, ba a ba da shi, sai an ga watan Safar. Yakan ce duk Muharram na jinya ne, domin rabin 'yan wasanmu 'yan dako ne da masu ɗaukar ruwa da masu shibriyya, kuma wanda ya auna su bayan Hajji gajiyarsu ya auna. A nan dole in faɗi laifina. Ni ne mai riƙe da littafi, ban taɓa rubuta wannan doka ba, domin a lokacin babu wanda bai san ta ba, kamar yadda ba a rubuta cewa ana cire takalmi a ƙofar masallaci. Na tabbata ka bincika littafin ba ka gan ta ba. Waɗanda suka san ta sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Ga ta na rubuta yau, a makare. Ka yafe mini, kada kuma sakacina ya hau kan Hamidu.

Akwai abu na biyu da agogo ba ya gani. Bukar, ɗayan ɗan bayan da kuka bari a nadi, wanda iyayensa suka zo ta Chadi, abokin ɗaukar Hamidu ne. Hamidu yana gaba, Bukar yana baya, shekara goma sha biyu a ƙarƙashin katako ɗaya. Wanda ke baya ba ya ganin hanya, cikin cunkoson ɗawafi kuma ba a jin magana. Ta motsin katakon a kansa yake sanin na gaba zai tsaya, ko zai kauce, ko zai ƙara sauri, kuma in ya yi kuskuren taku ɗaya tsoho ya faɗo a kan jama'a. Wannan sabon suka kawo fili. Ka tuna sau nawa ka ga sun taka gaba lokaci ɗaya, ba wanda ya dubi wani, ɗan gaban abokan karawa ya tsinci kansa cikin satar gida. 'Yan kallo suna cewa horo ne. Ba wanda ya koya musu a fili, ni shaida ne. Bukar shi kaɗai ɗan baya ne mai dama-dama, yakan yi saurin fita, yakan bar bayansa a buɗe. Idan kuka ba da Hamidu, mutum biyu kuka rasa, kuma a daidai shekarar da kuka sa sabon yaro a raga.

Ka kuma tambayi kanka, don Allah, me ya sa mutanen Jidda za su ba da matasa biyu a kan mutumin da ya ƙare. 'Yan kasuwa ne 'ya'yan 'yan kasuwa. Ɗan gabansu da suke taƙama da shi ya sha zuwa nan ya koma bai ga raga ba, sun kuma san wanda ya hana shi. Sun san watan da muke ciki, shi ya sa suke gaggawar a sa hannu. Matasan nan biyu ba na kushe su, suna da ƙafa, amma kuna da masu gudu a gefe har uku. Abin da kuke da shi za a ƙara muku, a karɓe wanda ba ku da madadinsa.

Yanzu zan faɗi abin da wani zai tashi ya faɗa a gahawa in ban riga shi ba: Malam Usmanu yana da nasa a ciki. Gaskiya ne. Na baro Katsina da ƙafa ni da matata Hajara da 'yarmu guda. Yarinyar muka binne a hanya, a ƙasar Sudan. Hajara ta rasu shekara bakwai ke nan. Gidan da muka zauna ya shiga aikin faɗaɗa Harami, na dawo ɗaki ɗaya a Jarwal. 'Yan uwana na gida, tun kafin a ba ƙasarmu mulkin kai wasiƙarsu ta yanke. Daga ɗakina ina jin kiran sallar Harami, amma shekara uku ke nan ƙafata ba ta iya kewaya Ɗaki ko sau ɗaya. Ranar Litinin ta farkon kowane wata, bayan sallar asuba, Hamidu da Bukar sukan zo da mutum biyu su ɗora ni a shibriyya su yi mini ɗawafi. Ban taɓa roƙonsu ba. Ranar farko da na miƙa masa riyal, ya ce in mayar, in ba haka ba zai sauke ni a tsakiyar Misirawa ya tafi. Kullum sai ya tsokane ni wai nauyina bai kai na buhun gawayi ba, wai rawanina ya fi ni nauyi, in daina yi wa tuwo rowar ciki. Daga can sama nakan ga rigar Ɗaki kusa da fuskata, in yi wa Hajara addu'a, in yi wa mahaifinka.

To, ka ga ba alƙali ba ne ni a wannan magana. Amma ka cire ni, ka sake duba abin da na faɗa a kan ƙafarsa da watan da aka gwada shi, ka ga ko akwai ƙarya. Kuma ba shi ya aiko ni ba. Da ya ji ina rubutu sai da ya zo ya ce Baba ka bari, abin kunya ne. An ce mutanen Jidda sun yi masa alkawarin aiki a tashar jiragen ruwa, mai albashi duk wata. Wataƙila ya fi masa, domin wuyan mutum ba ya ɗaukar katako har abada. In da kansa ya zaɓi tafiya, wallahi ni zan fara sa masa albarka, ɗawafina kuma Allah ya san niyya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ba wanda ya tambaye shi, kuma zai bar unguwar da aka haife shi da kalmar ya ƙare a bayansa.

Saboda haka ina roƙonku abu huɗu.

Ɗaya, kada a sa hannu ranar Asabar. A jira a ga watan Safar, kwanaki kaɗan suka rage, ba a kuma fara wasa kafin nan.

Biyu, a sake gwajin, mai horarwa ya riƙe agogonsa, amma bayan gudu a sa Hamidu da Bukar tare a baya, a saki matasan Jidda a kansu rabin sa'a. Abin da ido ya gani a yi aiki da shi, ni ma na yarda da hukuncin.

Uku, ka kira Hamidu ka zaunar da shi, ka tambaye shi abin da yake so. Tare kuka yi wasan ƙwallon tsumma a lungu, ba sai da ɗan aike ba.

Huɗu, a rubuta dokar Safar a littafi, da hannun wanda ba ya rawa.

Idan kuwa ka riga ka ba mutanen Jidda kalmarka, ba zan ce ka karya alkawari ba, ɗan Barau ba ya haka. Sai dai ka tsaya a gaban jama'ar da suka ji an ce ya ƙare, ka faɗa musu da bakinka cewa a gajiye aka gwada shi. Sannan ranar da ƙungiyarsu za ta zo wasa Makka, a aiko a gaya mini da wuri, in samu wanda zai kama ni zuwa fili. Ina neman afuwarku tun yanzu, domin ranar a ɓangaren baƙi zan zauna. Bai kamata ya shigo filin nan ya waiga ya ga babu nasa ko mutum ɗaya ba.

Allah ya ba ka basirar riƙon jama'a, ya raya maka zuriya, ya ba nadi nasara da wanda ya tafi da wanda ya zauna. Allah ya jiƙan Malam Barau, ya haskaka kabarinsa, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Wassalam.

Ni ne babanka,
Malam Usmanu Tela, Jarwal, Makka.