Autan Ƙauyenmu Ma Ya Tsufa

Hatakeyama Tsuyako,
Gida na ƙarshe kafin gada,
Ƙauyen Oginosawa, Lardin Akita.
3 ga Fabrairu.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Kula da Tsofaffi,
Ofishin Ƙaramar Hukuma.

Game da: Janye masu sauke dusar ƙanƙara daga rufin gidajenmu

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri kan ɓata maka lokaci, ni tsohuwa ce mai shekara tamanin da shida, ban taɓa kai ƙarar kowa ba, yanzun ma da kunya nake rubutu. Na san tsofaffi mun yi wa hukuma yawa. Muna ji a rediyo kullum, har mutum ya rasa inda zai sa kansa don ya daɗe a duniya. Duk da haka ina roƙon a duba waɗannan:

1. A ranar 1 ga Disamba ofishinka ya sanar cewa ba za a ƙara turo ma'aikatan sauke ƙanƙara ba zuwa duk ƙauyen da ke da mazauni ɗan ƙasa da shekara saba'in da biyar, wai shi zai taimaki sauran. Mu goma sha ɗaya muka rage a Oginosawa. Mutum ɗaya ne bai kai waɗannan shekarun ba, Kagaya Shigeo, mai shekara saba'in da biyu. Auta muke ce masa, don bayansa ba a sake haihuwar wanda ya zauna ba. Ni na goya shi ranar da uwarsa ta fita dashen shinkafa. A takardarku shi ne matashin gari, alhali haƙoransa na roba ne, a kofi suke kwana.

2. Tun daga ranar rufi tara suka dawo wuyansa. Bai taɓa cewa ya gaji ba, mu kuma ba mu taɓa tambayarsa ba, don muna tsoron amsar.

3. A ranar 14 ga Janairu ya zamo daga kan rufina, ya karya haƙarƙari biyu. Ba ni na kira shi ba, Yallaɓai, amma kada in wanke kaina da yawa. Ka san idan ƙanƙara ta danne rufi, ƙofar ɗaki da ake turawa gefe takan cije. Da ya zo shan shayi sai na yi ta kokawa da ƙofar a gabansa, ina nishi don ya lura. Washegari sai ga shi da tsani da shebur. Abin da ya fi cin raina shi ne, da motar asibiti ta tafi da shi, kafin in share hawaye sai na ɗaga kai in ga nawa ya rage bai sauke ba. Na ji kunyar kaina, har yau ban daina ji ba.

4. Na buga waya ofishinka a ranar 16. Wata yarinya mai ladabi ta ba ni haƙuri sosai, ta ce karaya ba ta canza shekarun mutum. Ban ga laifinta ba, abin da aka rubuta mata ta karanta.

5. Likita ya hana Shigeo hawa ko'ina sai bazara, amma ya dawo gida yana zagaya mu. Don kada ya gane halin da rufina yake ciki, sai na riƙa barin ƙofar ɗakin a buɗe dare da rana, ina kwana da riguna uku. Jiya ya zo, ya ci wainar shinkafa, ya tsokane ni cewa na koma budurwa tunda sanyi ba ya kama ni. Da zai tafi ya sa hannu ya ja ƙofar. Ko motsi ba ta yi ba. Ya ce min ranar Alhamis zai zo. Na hana shi, na rantse ba zan buɗe masa ba, ya yi dariya ya ce ai ba ta ƙofa ake hawa rufi ba.

Saboda haka ina roƙo cikin ƙanƙan da kai a turo ma'aikata kafin Alhamis, 6 ga wata. Idan babu hali, a zo a ɗauke masa tsanin, rufina ya yi yadda ya ga dama, na ci rabona na duniya. Idan kuma doka ce ba ta tanƙwaruwa, to a taimaka a ƙara masa shekara uku a takarda, a rubuta shi tsoho kamar kowa. Mu da ya kamata mu faɗa masa haka mun kasa, domin muna bukatarsa a yaro.

Ina sunkuyar da kai tare da neman gafara kan wannan damuwa.

Taka mai biyayya,
Hatakeyama Tsuyako