Gauraka Ta Dawo Hwadama, Ɗanka Bai Dawo Ba

Salamu alaikum Malam,

Ina kwanan kabari? Allah shi kai haske. Na san ba ka karanta wagga takarda, ni ma ban iya ba. Malama Rahila ta asibiti, 'yar Zuru da ke haya gidan maƙwabta, ita ka rubutawa. Na ce ta sa yadda ta hito bakina.

Gero ya yi bana, amma rabin gonar munka shuka, tsoro ya hana sauran. Akuyarka ja ta mutu.

Malam, gauraka ta dawo. Ka tuna sadda kak kai ni hwadamar bayan Gummi yankan shinkahwa, ina amarya? Ka ce in duƙa cikin ciyawa in yi shiru. Tsuntsayen guda biyu sunka sauka bakin ruwa da dogayen ƙahwahunsu, tukkunsu kamar zinari, suna rawa. Tun da masu kamawa sunka ƙare su, ban sake jin kukansu ba.

Wani malamin makaranta baƙo ya ji masunta na zancen an ga ɗaya. Shina da madubin hangen nesa, ya ce tun yarinta yake son ganinta da idonai. Ya yi ta tambaya har anka turo shi wurina, wai mijina ne ya san inda take sauka. Daɗin an tuna da kai ya kwashe ni, na kwatanta mishi wurin, har kukar da munka ɓoye gindinta. Ɗanka na hwari ya ce shi zai kai shi bisa babur.

Ba ka san hwadamar yanzu ba. Mutanen daji masu bindiga sun riƙe ta, ko masunta sai da izninsu.

Da safen tahiyarsu ina tsaye bakin zaure ɗanka shina tada babur. So nike in kira shi in ce ya sauko. To da wane baki? Ɗan hwari ne. Tun da na haihe shi ban taɓa kama sunanai ba, ban taɓa nuna na damu da shi gaban mutane ba. Ga baƙo tsaye. Sai na duƙa ina gyaran zane, har ƙarar babur ta ɓace.

Tun ranar kasuwa ke nan. Wayarshi kashe. Babu wanda ya kira. Ƙahwahuna ba su kai ni ko bakin gari, kuma wa za ni roƙa ya shiga can? Ko sun ma ga tsuntsuwar?

Malam, in ya iso wurinka, kada ka ɓoye mini, ka zo mini ko a mafarki. In kuwa bai iso ba, roƙa mini Allah ya koro shi gida.

Yanzu kullum ina bakin zaure ina kira, kowa na ji. Garba. Garba. Rahila, rubuta shi da girma.

Sai na zo.

Taka, Kulu, uwar Garba.