Akwatin Canjin Inna

Zuwa ga mai girma Yayana Illa, wanda ke ci-rani a Abijan. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ka sani wannan rubutun hannuna ne, ni Asumana kafinta. Na gama ajin yaƙi da jahilci, ban sa kowa ya riƙe mini alƙalami ba.

Ka san yadda Inna ke wahala da canji a teburinta na daddawa a kasuwar garinmu Tawa, ga ido ya rage. Don haka na zauna na zana akwati a takarda, abin da babu kafintan layinmu da ya taɓa yi. Na samo katakon maɗaci, na yanka masa gida biyar: na dala, dala biyu, dala biyar, dala goma, dala ashirin. Na karkace gindin kowane gida don yatsa ya jawo kuɗi ba tare da farce ba. A bakin kowane gida na rubuta 5, 10, 25, 50, 100, a lissafin sefa, dala ɗaya sefa biyar, yadda malaminmu ya koya mana.

Da na karanta mata, sai ta ce ita tun da aka haife ta ba ta taɓa jin an kira dala biyar ashirin da biyar ba, kada in ruɗa ta da tsufanta.

Sai ga gwangwanin biskit ɗinka ya iso. Yara suka cinye biskit, ita ta zuba canji a ciki. Komai a cakuɗe, ga ƙara. Ta ce in ya yi ƙara kamar kana kusa.

Yaya, shekara shida ni ke kai mata itace. Ni na kai ta asibiti da damina. Kai gwangwani ka aiko.

Jiya ta kira ni, ta yabi akwatin, ta ce ƙura ba ta shigarsa. Ta ce in ciccire gidajen, don wayar da kake kiranta da ita ta samu wurin kwanciya. Da hannuna na cire su. Ban yar ba, suna shago.

Abu guda nake roƙo. In ka kira ran Juma'a, ka ce mata kai kake son ta sa canji a akwatin. In daga bakinka ne, za ta ji.

Allah ya tsare ka, ya ja kwanan Inna, ya wanke mini zuciya.

Ƙanenka, Asumana. An cire gidajen a gaban Idi mai shayi, da Agali maƙeri, da Inna kanta.